Daga Ɗakin Baba Zuwa Shagon Yaya

Daminar da Baba ya kwanta ita ce daminar da na samu aiki. Ko da yake in zan faɗi daidai, ba aiki ba ne tukuna, gwaji ne. Na karanta zanen taswira a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gidanmu a Mandawari ina ta yawon kai takardu, har wani ƙaramin kamfanin safiyo da ke can bayan Ƙofar Ɗan Agundi ya kira ni. Injiniyan da zai duba aikina bai ɓoye mini komai ba. Ya ce za su ba ni taswirar magudanan ruwa na wata unguwa in zana. In sun gamsu su riƙe ni, in ba su gamsu ba kowa ya kama gabansa.

Ban yi nisa da farawa ba Baba ya yanke jiki ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci. Hawan jini ne. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarinsa na dama ba ya motsi, harshensa kuma ya yi nauyi, sai an kasa kunne ake gane maganarsa. Umma na fama da ciwon gwiwa. Yayyena mata suna gidajen aurensu, Yaya kuma, namiji ɗaya da muke da shi, yana aiki a Abuja. Ni ce a gida. Daga baya Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga ƙauye da ƙullin kayanta ta tare da mu don jinya, amma ita ma shekaru sun ja.

Na je ofis na tsaya gaban Injiniya ina ta kame-kame, na gama shirya wa raina cewa zai ce in ajiye aikin. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce shi ba don zaman kujera ya kira ni ba. In ina da na'urar da za ta ɗauki aikin, in yi a gida. Sai dai ranar miƙawa ba za ta motsa ba, domin su ma jiransu ake yi.

Na ce ina da ita. A hanyar gida na yi ta tunanin ko na yi ƙarya. Laftof ɗina tsoho ne, tun na makaranta, in na buɗe manhajar zane sai ya ɗau zafi ya sandare. Na'urar da nake nufi ita ce babbar kwamfutar Yaya, wadda ya bari a shagonsa, ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa cikin soron farko. A nan kaɗai ya haɗa sola da batir. Cikin gida kuwa sai lokacin da aka ga damar kawo wuta. Don haka kwamfutar ba ta ɗaukuwa daga wurinta.

Ni kuma ba na zaunuwa a wurin. Baba mutum ne na mutane, tun hantsi ake fara sallama, masu dubiya su cika soron farko, waɗanda za a shigar ciki su jira a soron ciki. Babu wanda ya hana ni da baki. Amma a ce budurwa ta ratsa dattawa ta shige shago ta turo ƙofa ta wuni, ni dai ban ga ta inda zan fara ba. Ko da na iya, in Baba ya yi motsi wa zai ji?

Yaya ne ya kawo mafita da ya zo ƙarshen mako. Ya ce kwamfutar za ta zauna a shago tana yin aikin, ni kuma ina ɗakin Baba ina ganin fuskarta a allon laftof ɗina.

"Kamar kina leƙa ɗaki ta taga ne," ya ce, "sai dai hannunki yana kaiwa ciki. Ki sa sunanki da kalmar sirri, shi ke nan kin shiga."

"In ya ƙi fa?"

"Ke komai sai kin fara da in ya ƙi?"

Abin da zai haɗa na'urorin biyu ita ce rauta, 'yar akwatin waifai mai ƙahoni biyu. Gidanmu ginin ƙasa ne, bango mai kauri, ga kwana-kwana irin na cikin gari. In an bar ta a shago saƙonta ba ya isa ɗakin Baba. Sai Yaya ya ja mata doguwar waya daga batir ya ɗora ta a kan tagar soron ciki, wajen tsakiyar hanya. Muka gwada, sai ga fuskar kwamfutar shago a cinyata, ina zaune a kan tabarma kusa da gadon Baba. Na ja layi, layi ya jawu. Yaya ya koma Abuja da yammar Lahadi.

Ba a jima ba abin ya fara ba ni tsoro. Wata safiya na sa komai daidai, laftof ya ce bai ga kwamfutar ba. Na kira Yaya, na ce ina jin na lalata masa kaya. Ya ce in nutsu. Ashe batir ne ya yi ƙasa, rauta ta mutu ta tashi, kuma duk sanda ta tashi sai ta sake raba wa na'urorin gida lambobin da ake gane su da su. Ni ina ta ƙwanƙwasa tsohuwar lamba. Washegari da sassafe, kafin masu dubiya su fara zuwa, na shiga shago yana faɗa mini a waya ina dannawa, har muka kafe wa kwamfutar lamba guda da ba za ta canja ba.

Na koma ɗakin Baba da murna, na shiga, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai 'yar kibiya tana yawo. Na sake kira.

"Da kika gama a shago kin fita daga sunanki, ko tashi kawai kika yi?"

"Ina jin... tashi na yi."

"To kina can kina nan ke nan. Ba ta yarda mutum ɗaya ya shigo ta ƙofa biyu. Je ki fitar da kanki."

Na je na fitar da kaina. Waɗannan biyun ban ji ciwonsu sosai ba, don kowanne yana da dalili, kuma da aka gyara bai dawo ba. Kwanaki suka fara tafiya daidai. Safiya ta Baba ce: magani, motsa masa hannu da ƙafa yadda aka koya mana a asibiti, canza shimfiɗa, karɓar gaisuwa. Bayan azahar yakan samu barci mai nauyi. Wannan barcin shi ne ofishina. Ina zana kwalbati da lambatu ina jin numfashinsa.

Sai damina ta kankama, matsala ta uku ta zo, wadda ba ta da kai. Ina cikin jan layi sai kibiya ta tsaya, taswira ta daskare. In na fita na sake shiga, ya karɓi sunana da kalmar sirri, ya yi ta juyi, sannan ya watso ni waje. Wani lokaci ya nuna mini rabin fuskar kwamfutar, sauran duhu. Can bayan wani lokaci, ba tare da na yi komai ba, ya dawo garau kamar ba shi ba.

Na lura ba ya yi sai hadari ya haɗo. Umma ta ce ai sananne ne, in gari ya yi hadari sabis ba ya kyau, ko ita wayarta haka take yi. Kowa na faɗa wa haka yake cewa. Yaya kaɗai ya ƙi yarda.

"Abin da ke tsakanin shago da ɗakin Baba bai fita daga gidan nan ba. Ina ruwansa da gajimare? Je ki duba fitilun rauta."

Na ce to. Amma in hadari ya taso masu dubiya ba sa tafiya, soraye biyun suke cika suna jiran ruwa ya wuce, kuma ba a ganin tagar nan sai an bi ta gabansu. Sai in jira. In ruwa ya ɗauke sun watse, in je in tarar da rauta a wurinta, fitilu kore shar, ko ƙura babu a jikinta. In gaya wa Yaya. Ya ce abin da mamaki. A raina na fara zargin ko shi ma bai sani ba ne, amma ban faɗa ba.

Babu abin da ban taɓa ba a laftof ɗin nan. Na rage kyan hoto don ya yi sauƙin wucewa. Na goge manhajar shiga na sake sawa. Na canza kalmar sirri har na kusa manta wadda ke aiki. Na matsa bakin ƙofa, na ɗaga laftof sama kamar mai roƙon ruwa. Duk gyaran da na yi sai ya zama kamar ya yi aiki, domin a lokacin hadarin ya riga ya wuce, sai washegari in gane ban gyara komai ba. Abin takaicin kuma, hadarin Kano ya fi son bayan azahar, daidai lokacin barcin Baba. Aiki ya yi ta taruwa. Sau da yawa na rubuta wa Injiniya saƙon neman ƙarin lokaci, in karanta, in goge. Mutumin da ya riga ya ɗaga mini ƙafa, da wane baki zan sake roƙonsa?

Ranar miƙawa Alhamis ce, kafin a tashi daga ofis. Saura kaɗan: in sa sunayen tituna, in haɗa taswirar wuri guda, in tura daga babbar kwamfuta. Gari ya wayi fes, na ce Allah ya sa ya wuni haka. Baba ya yi barci, na buɗe laftof, na fara. Ban kai rabi ba na ji iska ta kaɗa labule. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi. Jim kaɗan kibiya ta tsaya.

Na fita na shiga, na fita na shiga. Da na ji hawaye sun taho sai na ajiye laftof na fito na tsuguna a bakin ƙofa, kada Baba ya farka ya gani. A nan Gwaggo ta same ni, ta taho da shanya a kafaɗa.

"Ke kuma lafiya? Jikin nasa ne?"

"A'a Gwaggo, barci yake. Aikin ne ya tsaya, kuma yau ne."

"Shi ne kike kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa? In don abin nan mai ƙahoni ne, kwantar da hankalinki, 'yar nan. Yana nan lafiya lau. Tunda na zo gidan nan ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Na share ido. "Wane abu, Gwaggo?"

"Na kan tagar soro mana. Ranar da yayanki zai tafi ya ce mini da bakinsa, Gwaggo, wannan kada ruwa ya taɓa shi. To tagar nan feshi take sha. Da na ga gabas ta haɗa rai sai in kwantar masa da ƙahonin in sa shi a fanteka in rufe. In gari ya washe in fito da shi in goge. Yanzu ma daga can nake."

Na miƙe tsaye. Fanteka ƙarfe ce, da murfinta. Na san a karatu cewa ƙarfe yana tare irin wannan saƙo, amma ko a mafarki ban kawo fanteka ba. Sai wata damuwar ta taso mini. Gwaggo ta girmi Baba. A gidan nan ko Umma ba ta ce mata ta yi kuskure.

"Gwaggo," na ce, "ban dai tabbata ba. Wataƙila ma ba shi ba ne. Amma ko za mu ɗan buɗe murfin mu gani?"

"Mu buɗe, ruwa ya jiƙa amanar mutane?"

"Kaɗan dai. Ai bai sauko ba tukuna."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta sauke shanyar a kan turmi. Na roƙi Umma ta zauna gaban laftof, in ta ga wani abu ya motsa ta ɗaga murya. Na zura hijabi na bi bayan Gwaggo. Ita ba ruwanta da cikar soro, rabin dattawan nan ta san su tun suna yawo ba wando.

"Malamai a gafarce mu," ta ce, "aikin ofis za mu yi."

Wani aminin Baba, mai sayar da littattafai, ya janye ƙafa yana dariya. "Hajiya, yaushe aka ɗauke ki aiki ba mu sha shagali ba?"

"Ranar da aka sallame ka."

Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa, na wuce. Ga fanteka a kan taga, mai furanni ja, cikin na auren Umma, waya ta fito ta gefen murfi. Gwaggo ta ɗaga murfin. Rauta na kwance a ciki ta yi ɗumi. Na fito da ita na miƙar da ƙahonin. Muka tsaya. Iska na ta ƙaruwa, ni kuwa ina ta addu'a a zuci, rabi Allah ya sa shi ne, rabi ina jin nauyin abin da zai biyo baya in shi ne.

Sai muryar Umma daga can ciki: "Ya dawo! Zanen ya dawo!"

Gwaggo ta karɓi rautar daga hannuna ta mayar cikin fanteka ta rufe, ta kasa kunne. Ba a jima ba Umma ta ce, "Af, ya kuma tsayawa!" Gwaggo ta buɗe. Muka jira. "Ya dawo!"

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Wato abin numfashi yake yi."

"Ƙarfen ne, Gwaggo. Ina jin ba ya barin saƙon ya fita."

"Kina ji ko kin sani?"

Na ce, "Na sani."

"To ƙwarya fa?"

"Wannan kam ban sani ba."

"Yawwa. Tsaya nan."

Ta tafi madafa da saurin da ban san tana da shi ba, ta dawo da babbar ƙwaryar da ake tankaɗe a ciki. Ta kifa ta a kan rauta, ta sa ɗan dutse ta tokare gefe ɗaya don iska ta shiga. Muka kira Umma, ta ce zanen yana nan, har ta taɓa abin ya motsa. Daidai nan aka fara yayyafi.

Na juya zan ruga ciki, sai na ga fuskar Gwaggo. Murya ƙasa-ƙasa, yadda mazan ba za su ji ba, ta ce, "Ashe duk ramar nan da kike yi ni ce."

Ni ba gwanar magana ba ce. Na nuna mata dakalin tagar, wanda feshi ya riga ya fara jiƙawa. Na ce mata da ba ta rufe ba, da tun ruwan farko rautar ta mutu, da ba zane ba, ko layi ɗaya ban ja ba. Ba lallashi na yi ba, gaskiya ce. Yaya ya ɗora ta a wurin ranar da gari yake bushe, ni kuma kullum sai bayan ruwa nake zuwa, in ganta a bushe a kan jiƙaƙƙen dakali, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ba.

"To je ki," ta ce. "Kina tsaye kina wa'azi lokaci na tafiya."

Ruwan ranar da iska ya zo. Na zauna a gefen gadon Baba ina sa sunayen tituna ɗaya bayan ɗaya, kowane danni ina jiran kibiya ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Daga baya Umma ta gaya mini dalili: iska ta so ta yi awon gaba da ƙwaryar, sai Gwaggo ta sa aka miƙo mata kujera 'yar tsuguno, ta zauna a bakin tagar ta dafe ta da hannu, tana ta musu da dattawa a kan wace shekara aka yi ruwan da ya fi wannan. Hannun rigarta ya jiƙe sharkaf. Ba ta tashi ba sai da na leƙo na ce na tura.

Da na kira Yaya da yamma na ba shi labari, dariya ya yi har da tari. Ya ce a ba Gwaggo waya. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ji ta tana cewa, "Kai ka ce kada ruwa ya taɓa, ba ka ce kada ƙarfe ya taɓa ba. Gobe in za ka ba da amana ka ba da ita da bayaninta." Zuwansa na gaba ya kafa wa rautar ɗan akwatin katako a jikin bango, inda feshi ba ya kaiwa.

Amsar ofis ba ta zo da wuri ba, ko kuma ni ce na ga ta daɗe. Na yi ta tuno wurare a taswirar da nake ganin da na ƙara dubawa. Wata safiya ina ba Baba kunu a cokali saƙon Injiniya ya shigo. Na ajiye kofi na karanta. Ya ce aikin ya yi, akwai 'yan gyare-gyare da za mu duba tare, sun riƙe ni, kuma in ci gaba daga gida har jikin Baba ya yi sauƙi. Na sake karantawa ina neman inda aka ce amma, ban samu ba.

Na karanta wa Baba a hankali. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya ɗora a kaina, ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito. "Madalla," ya ce.

Na koma gefe na fara rubuta amsa. Na ce ina fatan gyare-gyaren ba su yi yawa ba, in kuma akwai inda na gaza a yi haƙuri, in ma suna so su sake nazari kafin su yanke hukunci zan fahimta. Umma ta ce in karanta mata abin da nake ta rubutawa haka. Na karanta.

"An ce an ɗauke ki," ta ce. "Goge wannan duka. Ki ce kin gode."

Na goge. Na rubuta na gode, Allah ya saka da alheri, na tura, na ɗauki kofi na ci gaba da ba Baba kununsa kafin ya huce.